Ina Bidiyon Karatun 'Ya'yanmu da Hausa?

Malam Edita,

Ina roƙon ɗan fili a jaridarmu mai farin jini don in yi magana a kan furucin Ministan Ilimi, Dokta Tunji Alausa, wanda a watan Nuwamban 2025 ya tsaya a wani taro a Abuja ya sanar da soke manufar koyar da yara da harshen uwa. Ya ce daga yanzu Turanci ne harshen koyarwa tun daga ajin farko, kuma ya ɗora laifin faɗuwar ɗalibai a WAEC da NECO da JAMB a kan yankunan da ya ce sun rungumi harshen gida. Wannan magana ta ɓata mini rai ƙwarai, domin an bar jaki ne ana dukan taiki. A watan Nuwamban 2022 aka amince da manufar, zamanin tsohon ministan ilimi Malam Adamu Adamu. Yaron da ya shiga aji ɗaya a shekarar, aji huɗu ya kai ranar da minista ke jawabi. Wace WAEC ya zauna har ya faɗi?

Hausar da ake zargi ba a taɓa ba ta kayan aiki ba, kuma hujja mafi sauƙi tana cikin wayar kowane uba. Duk wanda ke zaune a Taura ko Gujungu ko Majiya a nan Jigawa, yana da ɗa a aji ɗaya zuwa uku, ya ɗauki waya ya nemi bidiyon da zai koya wa yaron baƙaƙe da wasula, ko haɗa gaɓoɓi, ko tarawa da ɗebewa da Hausa. Da Turanci zai ga dubbai, da muryoyin Amurka da Ingila waɗanda ko malamin ajin sai ya kasa kunne sosai kafin ya gane. Da Hausa kuwa 'yan ƙalilan ne, kuma masu ingancin cikinsu daga waje suka zo. Akili and Me, wanda kamfanin Ubongo ke shiryawa, a Tanzaniya aka ƙirƙire shi aka juya mana zuwa Hausa. Sesame Square da aka fara nunawa a NTA a 2011 da kuɗin tallafin Amurka aka yi shi. Manhajar Nigeria Learning Passport, wadda Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF suka ƙaddamar a 2022, tana da darussa da Hausa, amma iyaye nawa ne a ƙauyukanmu aka zauna aka nuna musu yadda ake buɗe ta? Allah ya saka wa waɗannan da alheri. Sai dai abin kunya ne a ce harshen da miliyoyin mutane ke yi daga Dutse har Maraɗi yana jiran Tanzaniya ta koya wa 'ya'yansa ƙirga.

Kuma ba gwaninta muka rasa ba. Kano tana nan kusa da mu, da masu ɗaukar hoto da masu tace fim da mawaƙa da ba su ƙirguwa. Fim ɗin Indiya na awa uku, cikin ɗan lokaci an juya shi zuwa Hausa, ya isa shagon mai turi a kasuwar Gujungu, ya shiga wayar da ko data babu a cikinta. Yaron da bai iya rubuta sunansa ba ya haddace waƙoƙin fim daga farko har ƙarshe. Wato hanyar isar da bidiyo har lungun ƙauye a buɗe take, matasanmu ne suka gina ta da kansu ba tare da sisin gwamnati ba, karatu ne kawai ba a ɗora a kanta ba. Su ma matasan ina da ƙorafi a kansu: masu dubban mabiya a TikTok sun ƙare basirarsu a habaici da rawa, babu mai tunanin ƙannensa da ke zaune a ƙasa a aji ɗaya. Amma laifin shugabanni ya fi girma, domin su ke riƙe da kasafin kuɗi.

Abin da nake kira gare shi ba shi da tsada. Gwamnatin Jigawa ta Malam Umar Namadi, ta hannun hukumar ilimin bai-ɗaya ta SUBEB, ta tara malaman Kwalejin Ilimi ta Gumel da na Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa su tsara darussa bisa manhajar aji ɗaya zuwa uku, a kira 'yan fim su mayar da su gajerun bidiyo na minti biyar zuwa goma, da Hausar da yaran ke ji a gida, da akuya da ridi da kwalekwalen Haɗeja a matsayin misalai. A nuna a gidan talabijin na JTV, a sa muryar a Rediyo Jigawa, a raba kyauta ga masu turi da shugabannin makarantu a ƙananan hukumomi 27 na jihar. Ba sabon abu ba ne a jihar: shirin horar da malamai na TDP, wanda Birtaniya ta tallafa wa a Jigawa da Katsina da Zamfara, ya riga ya yi amfani da bidiyo a cikin waya don koya wa malamai dabarun aji.

Na san za a ce waya tana lalata tarbiyya. Gaskiya ne akwai ɓarna a cikinta, shi ya sa ba na cewa a sakar wa ɗan shekara shida intanet. Amma wayar ta riga ta shiga gida, yaron kuma yana leƙa ta ko mun so ko mun ƙi. Abin da ya rage mana shi ne zaɓen abin da zai gani, uwa ko yaya na zaune kusa da shi. Za a ce babu wuta babu data, alhali masu cajin waya da sola da ƙaramin memori sun daɗe da warware wannan ga masu kallon fim. Za a kuma ce bidiyo ba malami ba ne. Haka ne, kuma duk gwamnatin da ta fake da shi ta ƙi ɗaukar malamai ta ci amana. Amfaninsa shi ne maimaici: malami mai yara fiye da ƙima a aji ba zai iya faɗa wa kowane yaro sautin "ɓa" sau ashirin ba, bidiyo kuwa ba ya gajiya.

Babban abin da za a kawo shi ne na minista, cewa Turanci ne harshen jarrabawa da aiki. Babu uban da ba ya son ɗansa ya ji Turanci. Tambayar ita ce ta wace ƙofa zai shiga. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya fara a Ife a 1970 ya nuna cewa yaran da aka koyar da Yarabanci, ana ba su Turanci a matsayin darasi, ba su gaza takwarorinsu ba ko a Turancin. Yaron da ya gane yadda baƙi da wasali ke haɗuwa su ba da kalmar da ya sani, wannan ilimin zai tafi da shi duk harshen da ya shiga. Wanda aka fara da harshen da bai ji ba, haddar sauti kawai yake yi, ya kai aji shida yana kwafar allo bai san me ya rubuta ba.

Minista ya soke manufa a Abuja, amma bai hana Jigawa shirya wa 'ya'yanta kayan karatu da harshensu ba. Ina kira ga 'yan majalisarmu da ke Dutse, musamman mai wakiltar Taura, da su sa wannan aiki cikin kasafin ilimi na shekara mai zuwa, su kuma bi sawunsa har bidiyon ya iso makarantunmu.



Naka mai karatu,
daga Taura, Jihar Jigawa.