Sharhi: Allon madannai na waya, tsakanin sirrin ciniki da haruffan Hausa a Sabo, Ibadan

A cikin manhajojin da ke kan wayar hannu, babu wadda ake taɓawa a kullum kamar allon madannai, kuma babu wadda aka fi mantawa da ita. Shi ne jerin haruffan nan da ke fitowa a ƙasan fuskar waya duk lokacin da mutum zai rubuta saƙo, ko lambar asusun banki, ko kalmar sirri. Masu waya da dama sun ɗauka wani sashe ne na jikin wayar, alhali kuwa manhaja ce mai zaman kanta, wadda wani kamfani ya ƙera, ana kuma iya sauya ta da wata.

Duk abin da yatsa ya danna sai ya bi ta cikinta kafin ya isa inda aka nufa. Saboda haka ne wayoyin Android ke yin gargaɗi a duk lokacin da mutum zai kunna sabon allon madannai, cewa manhajar na iya tattara duk abin da ya rubuta, har da kalmomin sirri da lambobin katin banki. Mutane kan amince da gargaɗin su wuce ba tare da sun karanta ba.

Unguwar Sabo da ke kusa da Mokola a birnin Ibadan na daga cikin wuraren da wannan batu ya fi shafa. An kafa ta ne a 1916 domin Hausawa fatake, ta kuma bunƙasa da cinikin goro da na shanu tsakanin Arewa da ƙasar Yarbawa. Masanin halayyar al'umma Abner Cohen, wanda ya yi bincike a unguwar a farkon shekarun 1960 ya kuma wallafa littafinsa a 1969, ya nuna cewa amana ce ginshiƙin wannan ciniki. Baƙon da ya kawo dabbobi yakan sauka wurin maigida, dillali ya haɗa shi da mahauta, a ba da kaya bashi, kowa kuma ya san wanda zai riƙe idan magana ta tashi.

A yau Sabo ta yi suna da canjin kuɗi, kuma kaso mai yawa na cinikin ya koma kan waya. Ƙarancin takardun naira da aka fuskanta a farkon 2023 ya tura ƙananan 'yan kasuwa zuwa tura kuɗi ta manhajojin banki da lambobin USSD. Ana yanka farashi ta WhatsApp, a aika lambar asusu ta nan, a kuma tura shaidar biya ta nan. Ke nan allon madannai ya zama sabon dillali da ke tsaye a tsakiyar kowace hulɗa, sai dai wannan dillalin ba mai waya ne ya zaɓe shi ba, kuma bai san inda yake kai labari ba.

Damuwar ba ta zato ba ce. A watan Disamban 2017 masu binciken tsaron intanet suka gano cewa bayanan mutane fiye da miliyan 31 da ke amfani da allon madannai na ai.type suna zube a wani rumbun bayanai da ba a kulle ba. A watan Afrilun 2024 kuma cibiyar Citizen Lab ta Jami'ar Toronto da ke Kanada ta binciki manhajojin rubuta Sinanci na kamfanoni tara, ta tarar cewa na takwas daga cikinsu suna da raunin da zai bai wa mai leƙen asiri damar karanta abin da ake rubutawa yayin da ake aika shi ta intanet. Cibiyar ta ƙiyasta cewa abin na iya shafar mutane kusan biliyan ɗaya.

Darasin da ke cikin waɗannan al'amura guda ne. Haɗarin yana farawa ne daga lokacin da allon madannai ya aika abin da aka rubuta zuwa kwamfutocin kamfani, ko don ya gyara kuskuren rubutu, ko don ya yi hasashen kalma ta gaba, ko don talla. Gaskiya ne cewa mafi yawan damfarar banki a Najeriya ta hanyar yaudarar mutum ake yin ta, a kira shi a waya a karɓi lambar sirrinsa da bakinsa. Gaskiya ne kuma cewa manhajojin bankuna da dama suna da nasu allon lambobi na shigar da lambar sirri. To amma amsar da ake bayarwa a cikin akwatin USSD, da hirar ciniki, da lambobin asusu, da sunayen abokan hulɗa, duk ta allon madannai na yau da kullum suke bi.

A nan ne manhajoji masu buɗaɗɗen tushe suka shigo. Ma'anarsu ita ce, umarnin da aka gina manhajar da shi a fili yake, kowane masani na iya karanta shi, ya ga abin da take yi da abin da ba ta yi, ya kuma gyara ko ya ƙara. Manhajar da tushenta ke rufe kuwa, sai dai a yarda da alkawarin kamfanin da ya yi ta, wanda a harshen kasuwa ya yi kama da cinikin biri a sama.

Akwai irin waɗannan allunan madannai da dama. HeliBoard, wadda aka gina a kan tsohuwar OpenBoard, ba ta neman izinin shiga intanet ko kaɗan, don haka ba ta da hanyar aika rubutu waje. AnySoftKeyboard ta daɗe a fagen, kuma kowane harshe yana zuwa ne a ƙunshinsa na daban. Simple Keyboard ƙarama ce, ba ta hasashen kalmomi, abin da ya sa ta dace da wayoyi masu ƙaramin ma'aji. FlorisBoard na kan hanyar kammaluwa. Keyman kuwa, ta ƙungiyar SIL, an yi ta ne musamman domin harsunan da manyan kamfanoni ba su cika kulawa da su ba, tana kuma ɗauke da tsare-tsaren madannai na harsuna fiye da 2,000, ciki har da na Najeriya.

Sai dai sirri rabin tambayar ne kawai. Ɗaya rabin shi ne ko allon zai iya rubuta Hausa yadda take. Rubutun boko na Hausa yana da baƙaƙe masu ƙugiya, wato ɓ da ɗ da ƙ, waɗanda suka zauna da gindinsu tun shekarun 1930, zamanin aikin Rupert East a Zariya, sai kuma 'y da ake rubutawa ƴ a Jamhuriyar Nijar. Ƙugiyar ba ado ba ce. Ita ce ke raba baƙi da baki, da ƙasa da kasa, da ɓata da bata. Mai harkar dabbobi ya san kara ita ce kasuwar shanu, ƙara kuma ko dai daɗi a kan farashi, ko kai kuka gaban hukuma. Idan allo bai fitar da harafin cikin sauƙi ba, mai rubutu yakan haƙura ya bar shi, yaran da ke koyon karatu daga saƙonnin waya kuma su taso ba su san da shi ba.

Buƙatar mutumin Sabo ta fi ta ɗan'uwansa na Kano ko Katsina faɗi. Wanda aka haifa a unguwar yakan ji Yarbanci kamar Hausa, kuma abokan cinikinsa da yawa Yarbawa ne. Yarbanci na da nasa haruffan masu ɗigo a ƙasa, wato ẹ da ọ da ṣ, tare da alamomin karin sauti a saman wasula. Ga Turanci na banki da hukuma, ga Larabci na addu'a da karatu, ga kuma Ajami da dattawa da almajirai ba su daina rubutu da shi ba. Allon da zai yi masa aiki shi ne wanda zai ba shi damar tsallakawa daga wannan harshe zuwa wancan a cikin saƙo guda, ba tare da ya riƙa mayar masa da kalmomin Hausa zuwa Turanci da sunan gyara ba.

A wannan fanni manyan kamfanoni na da rinjaye. Gboard ta Google da SwiftKey ta Microsoft duk suna da Hausa da Yarbanci, suna hasashen kalmomi, suna kuma zuwa a shirye. Suna da wuraren da mai waya zai iya kashe aika bayanai, ko da yake ba kowa ne ke leƙa su ba. Manhajoji masu buɗaɗɗen tushe kuwa da 'yan sa-kai suka dogara, kuma ingancin hasashensu ya rataya ne a kan jerin kalmomin da wani ya zauna ya tattara ya bayar kyauta. Harshen da ya samu masu yi masa wannan hidima yakan yi gaba, wanda bai samu ba a bar shi a baya. Haka nan wasu abubuwan jin daɗi, kamar rubutu ta hanyar jan yatsa a kan haruffa, ba sa zuwa kai tsaye a HeliBoard sai an ƙara wani ƙunshi wanda shi kansa tushensa a rufe yake.

Buɗaɗɗen tushe kuma ba lamuni ba ne na har abada. OpenBoard ta yi farin jini, daga baya aka daina sabunta ta, manhajar da ba a sabuntawa kuwa raunukanta na nan yadda suke. Akwai kuma batun inda aka samo ta. A kasuwannin waya na Najeriya an saba mai gyara ko mai caji ya tura wa mutum manhajoji daga wata wayar ta Xender. Tunda kowa na iya ɗaukar buɗaɗɗen tushe ya sarrafa, maƙetaci ma na iya cusa masa abin leƙen asiri ya bar masa sunansa na asali. Kwafin da aka sauke daga Play Store, ko daga F-Droid, rumbun manhajoji masu buɗaɗɗen tushe da ke aiki tun 2010, shi ne abin dogaro.

Ita kanta wannan hanya ta biyu tana fuskantar sauyi. A watan Agustan 2025 Google ya sanar cewa wayoyin Android da ya tantance za su riƙa karɓar manhajojin waɗanda suka yi rajista suka tabbatar da ko su wane ne kawai, ko da ba ta Play Store aka sauke su ba. Tsarin da ya sanar shi ne a fara a Brazil da Indunusiya da Singafo da Tailan a Satumban 2026, sauran ƙasashe su biyo baya daga 2027. Kamfanin ya ce manufarsa ita ce daƙile 'yan damfara, F-Droid kuma ta yi gargaɗin cewa matakin na barazana ga ɗorewarta. Daga baya Google ya ce zai bar wata kafa ga masu amfani da suka ƙware. Yadda aka ƙare wannan taƙaddama zai shafi zaɓin da zai rage wa mai waya a Najeriya.

Ta fuskar doka, Najeriya na da Dokar Kare Bayanai ta 2023, wadda Shugaba Bola Tinubu ya sanya wa hannu a watan Yunin shekarar, ta kuma kafa Hukumar Kare Bayanai ta Ƙasa, NDPC. Dokar ta wajabta a sanar da mutum abin da za a yi da bayanansa, kada kuma a tattara fiye da abin da aikin ke buƙata. Amma bin sawun ƙaramin kamfanin da ke wata nahiya, ba shi da ofis a Legas ko Abuja, abu ne mai wuya. Saboda haka rigakafin farko yana hannun mai wayar.

Ga ɗan canji ko dillalin da wayarsa ta zama shagonsa, ma'aunin bai da yawa. Ya duba ko allon na neman izinin intanet, ko na lambobin abokan hulɗa, ko na sanin inda yake, domin rubuta haruffa ba ya buƙatar ko ɗaya daga ciki. Ya duba ranar da aka sabunta shi a ƙarshe. Ya gwada rubuta ɓ da ɗ da ƙ kafin ya amince. Ya kuma guji allunan nan masu hotuna da launuka da ke cike da talla, domin kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Waya na karɓar allo fiye da ɗaya, don haka yana iya ajiye wanda ba ya shiga intanet domin harkar kuɗi, ya bar ɗaya domin hira.

Giɓin harshe kuwa ba mai waya shi kaɗai ne zai cike shi ba. Maƙwabtan Sabo sun nuna hanya. A cikin Ibadan ɗin nan Dokta Tunde Adegbola ya kafa cibiyar Alt-i da ta yi aiki a kan allon rubuta Yarbanci, shirin YorubaName na Kola Tubosun kuma ya fitar da tsarin madannai kyauta domin alamomin harshen. Hausa ba ta rasa kayan aiki ba. Akwai ƙamusun Bargery na 1934, akwai Ƙamusun Hausa da Cibiyar Nazarin Harsunan Najeriya ta Jami'ar Bayero ta fitar a 2006, akwai rumbunan jaridu da na gidajen rediyo, akwai kuma 'yan sa-kai na Wikipedia ta Hausa. SIL ma ta samar da salon haruffa na Alkalami domin Ajami irin na Kano.

Abin da ya rage shi ne a tace jerin kalmomin Hausa bisa daidaitacciyar ƙa'ida, a sake shi da lasisin da kowa zai iya amfani da shi, ta yadda kowane allon madannai zai ɗauka. Aiki ne da sassan nazarin Hausa na jami'o'i da Hukumar Bunƙasa Fasahar Sadarwa ta Ƙasa, NITDA, za su iya haɗa hannu a kai ba tare da kashe kuɗi mai yawa ba. Kafin a yi hakan, mai rubutu da Hausa a Sabo, ko a Agege, ko a zangon Kumasi, zai ci gaba da zaɓa tsakanin allon da ya iya harshensa da wanda zai riƙe masa sirrinsa.