KUƊIN YAWON BUƊE IDO BA ƁARNA BA NE

Duk shekarar da aka ta da maganar yawon buɗe ido sai a ji wasu iyaye na cewa, "Mu da muke fama da kuɗin littafi, yaya za mu biya kuɗin mota don yaro ya je kallon ruwa da rami?" Maganarsu tana da nauyi, gama ba a tsintar kuɗi a ƙasa. Amma ni a ganina akwai karatun da allo ba ya ɗauka, sai an sa ƙafa. Bari in kawo misali da ƙasar Jos.

Dukanmu mun haddace cewa ana haƙar kuza a Jos, mun rubuta a jarrabawa, mun wuce. Amma mu nawa muka san cewa tun Turawa ba su zo ba maƙeran Liruwai suke narka kuza, fatake suna kai ta kasuwanni? Turawa sun shigo aikin ne a farkon ƙarni na 20, suka zo da injuna, suka tara lebura daga ko'ina a Arewa. A 1914 ƙaramin jirgin ƙasa daga Zariya ya isa Bukur don ɗaukar kuza, a 1927 kuma babban layi daga Fatakwal ya shigo Jos. Da Japan ta kama Malaya a 1942, Ingila ta rasa kuzar can, sai aka sa aikin tilas, aka kwaso mutane daga ƙauyuka. Da yawa sanyin tudu da yunwa da cuta suka kashe su. Wataƙila cikinmu akwai wanda kakan ubansa ya ɗauki kwanon ƙasa a ka a can, shi kuwa bai sani ba.

Wanda ya shiga gidan kayan tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952, zai ga wani abin mamaki kuma. Mutum-mutumin yumɓu na Nok, waɗanda suka haura shekara 2,000, a ramin kuza aka fara tono su a 1928. Wani kai da aka samu kusa da Jama'a ma, an ce sai da ya yi gadin gonar doya yana korar tsuntsaye kafin a kai wa Bernard Fagg, Baturen da ya kafa gidan. Wato masu neman ƙarfe ne suka faɗo a kan tarihinmu, ba shi suka fito nema ba.

To, ina haɗin kuza da ruwan da ke zubowa daga kan dutse? Injunan haƙa suna son wutar lantarki, itace kuwa ya yi ƙaranci a tudun. Shi ya sa kamfanin NESCO, wanda aka kafa a 1929, ya tare ruwan Kurra, ya sa shi yana juya inji yana ba da wuta. Ɗalibin da ya tsaya gaban irin wannan ruwa, ko na Asob, ko na Matsirga kusa da Kafanchan, ya ji rugugi har cikin ƙirjinsa, ba zai sake tambayar malamin kimiyya yadda ruwa ke zama wuta ba. Sai dai a ji tsoron santsi, kada son hoto ya kai mutum bakin gaɓa.

Daga nan kuza sai bakin teku, a zuba ta a jirgin ruwa zuwa Ingila. A bakin mashigin Ikko, wajen Tarkwa Bay, akwai tsohuwar hasumiyar fitila ta zamanin Turawa, irin wadda ke haska wa matuƙa da dare don kada su hau gaci. A unguwar Jamestown ta Ankara ma akwai irinta. Yaron da ya tashi bai taɓa ganin ruwan da ya wuce gulbi ba, in ya tsaya gindinta zai gane ta wace ƙofa arzikin ƙasarsa ya riƙa fita.

Kada kuma a kai mu wuraren ban sha'awa kaɗai. A nuna mana manyan tafkunan da haƙa ta bari a kewayen Bukur da Barikin Ladi, gonakin da suka zama rami da tulin ƙasa, inda yara da dabbobi kan nutse. Kasuwar kuza ta duniya ta faɗi a 1985, manyan kamfanoni suka watse, ramukan suka zauna wa mutanen wurin. Wannan ma ya kamata mu gani da idonmu, mu tambayi dalili.

Ina roƙon Shugaban Makaranta da ƙungiyar iyaye da malamai su sa wannan tafiya cikin tsarin shekara, a riƙa tara kuɗin kaɗan-kaɗan tun zangon farko, yadda ɗan talaka ba zai zauna a aji ba ƴan'uwansa suna cikin mota. A duba lafiyar hanya, a ba kowa littafin rubutu, a hana wayar hannu sai an gama bayani. In kuɗin Ikko ya gagara bana, mu fara da Jos, teku ta jira baɗi.