RA'AYINMU: Wane Ne Ya Yanka Wa 'Ya'yanmu Ma'aunin Kyau?

 

Duk wanda ya leƙa shagunan kayan kwalliya a Dutse, ko ya ratsa kasuwar Shuwarin ranar da take ci, zai ga hajar da ba ta kwantai: man bilicin, da ƙwayoyin ƙiba da ake kira sha-ka-fashe. Tun 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ruwaito cewa kashi 77 cikin 100 na matan Nijeriya suna amfani da kayan sauya launin fata, a 2023 kuma hukumar NAFDAC ta ce lamarin ya kai matsayin da ke buƙatar matakin gaggawa. Wasu mayukan suna ɗauke da sinadarin makuri mai lalata ƙoda. Wasu ƙwayoyin kuwa, ƙibar da suke kawowa kumburi ce, a bayanta akwai hawan jini da ciwon sukari.

Yarinya ba ta wayi gari haka kawai ta tsani fatarta ba, koya mata aka yi. Mai tallar sabulu, da mai shirya fim, da mai neman 'yan kallo a TikTok, sun mayar da jikin 'ya mace allon talla, har ta riƙa auna kanta da hoton da na'ura ta goge. A 2021 takardun cikin gida na kamfanin Facebook da Frances Haugen ta fallasa sun nuna kamfanin ya san Instagram yana ƙara wa wasu 'yan mata ƙyamar jikinsu.

Turawa sun fito da nasu maganin, wato gwagwarmayar son jiki yadda yake, wadda ta samo tushe a Amurka wajajen 1969, lokacin da masu ƙiba suka kafa ƙungiyar yaƙi da wariya. Adalci shi ne mu ce sun gano cutar. Suratul Hujurat ma ta haramta izgili da jifan juna da miyagun laƙabobi, saboda haka wanda ya kira baiwar Allah buhu ko tsinke, saɓo ya yi. Amma 'yan kasuwa sun riga sun saye gwagwarmayar. Kamfanin Unilever da ya tallata Dove a 2004 da sunan mutunta kowace irin sura, shi ne mai man hasken fata na Fair & Lovely, wanda sai a 2020 ya canza masa suna. Abin da aka cim ma shi ne faɗaɗa kantar: a da siririya ake baje kolinta, yanzu har da mai jiki. Musulunci kuwa cewa ya yi a sauko da ita daga kantar gaba ɗaya.

'Yan uwa, hijabi kaɗai bai rufe wannan ƙofa ba, domin a ƙarƙashinsa ake shafa man. Saurayin da ya rantse sai fara ko mayya ce, da uwar da ta ɗura wa amarya ƙwaya wata guda kafin biki don kada dangin miji su ce ba ta cika ido ba, su ne ke riƙe da wannan kasuwa. Muna kira ga limaman Dutse da Kiyawa da Jahun da Birnin Kudu su fuskantar da huɗubarsu ga maza, Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Jigawa kuma ta bi shagunan da ke sayar da waɗannan ƙwayoyi ba tare da takardar likita ba.