Baƙo Ya Tambayi Inda Zai Yi Gudu, Mun Ce Ya Tafi Nassarawa

Duk baƙon da ya sauka Kano ya tambayi inda zai yi atisayen gudu, amsa ɗaya muke ba shi: ya tafi Nassarawa GRA. Ko ɗan bautar ƙasa ne da aka turo daga Inugu, ko ɗalibin wata kwalejin da ya zo sanin makamar aiki, ko ma'aikacin da ya zo taron kwana uku, duk da wannan muke sallamarsu. Amsar daidai ce, ni ma can nake gudu. Sai dai rabin amsa ce, kuma a ganina Ƙungiyar Ɗaliban wannan makaranta ce ta fi kowa dacewa ta cike ɗaya rabin.

Mai shirin gudun famfalaki dai ba irin mai zagaya unguwa sau biyu don rage tumbi ba ne. Tseren kilomita 42 ne da mita 195. Mutum kan ɗauki kamar wata huɗu yana shiri, kuma kowane mako akwai ranar dogon gudu, wanda kan kai kilomita 25 zuwa 30 idan tsere ya matso. Tafiya ba ta ɗauke masa wannan rana. Wani zai ce ai ga filin wasa na Sani Abacha a Ƙofar Mata. To, zagaye ɗaya na filin tsere mita 400 ne, wato kilomita 30 zagaye 75 ke nan. Gwada ƙirgawa kana haki, ka ga ko za ka wuce na ashirin ba ka rikice ba. Abin da yake nema titi ne da zai yi awa uku a kai ba tare da A Daidaita Sahu ta tura shi kwalbati ba, ga inuwa, ga inda zai sha ruwa, sannan ya koma masauki da wayarsa a hannu.

Nassarawa ta samu wannan matsayi ne ta hanyar da ba abin alfahari ba. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, can suka kafa mazauninsu a wajen ganuwa, kusa da gidan Sarki na Nassarawa. Dokar tsara birane ta zamanin Lugga, ta 1917, ta tanadi a bar fili mai faɗin yadi 440 ba gini tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa, wai don kada sauro ya kwaso musu zazzaɓi daga wurinmu. (Yadi 440 shi ne tsawon zagaye ɗaya na tsohon filin tsere kafin a koma lissafin mita. Da gudun minti ɗaya da 'yan kai aka raba mu da su.) Suka fitar da tituna masu faɗi, suka dasa itatuwa, suka ware filin sukuwa. Wannan gado muke ci har yau idan muka bi Race Course Road ko Alu Avenue ko Sultan Road ko Lamido Crescent da asuba, ƙarƙashin darbejiya da maɗaci waɗanda suka girmi iyayenmu. Shekara sittin da ɗoriya bayan samun 'yanci, garin ya ninka kansa sau da yawa, ga gadojin sama ko'ina, amma har yanzu in ana neman titin da mai tafiya da ƙafa zai sake, sai an koma unguwar da aka gina don a nesanta mu.

Yanzu ga rabin da ba mu faɗa wa baƙo. Ba mu gaya masa cewa lokacinsa daga sallame sallar asuba ne zuwa wajen bakwai da rabi ba. Daga nan motocin kai yara makaranta da masu zuwa ofis sun cika titi, domin Nassarawar yau makarantun kuɗi da asibitoci da ofisoshi sun cinye rabinta. Ba mu gaya masa cewa idan ya biyo State Road ya kusanci Gidan Gwamnati ya wuce abinsa ba, kada ya tsaya miƙe jijiya ko ɗaukar hoto a gaban jami'an tsaro. Ba mu gaya masa cewa layin da ya fi shiru ba lallai shi ya fi aminci ba. Duk ɗan Kano ya san zancen ƙwacen waya, kuma mutumin da ya ɗaura waya a dantse, ya toshe kunnuwa biyu, yana tafe shi kaɗai cikin duhu, ai tallan kansa yake yi. Ga layukan da ake rufewa da ƙyaure da dare, ba a buɗewa sai gari ya waye. Ga karnukan wasu gidaje da maigadi kan saki ya koma barci.

Akwai kuma waɗanda ba su da alaƙa da titi. Gajeren wandon da ake gudu da shi a Legas, a nan kallo zai jawo masa har da magana, gara ya sa wanda ya wuce gwiwa. Asabar ɗin ƙarshen wata akwai tsaftar muhalli, ana hana zirga-zirga da safe, kuma Asabar ce ranar da yawancin masu gudu ke ware wa dogon zango. Gasar Legas, wadda aka fara a 2016, a watan Fabrairu ake yin ta, don haka atisaye mafi nauyi yana faɗowa Disamba da Janairu, tsakiyar hunturu. Sanyin yana taimakon mai gudu, amma ranar da hazo ya sauka har ba ka ganin ƙarshen layi, wallahi gara ka rage zango da ka shaƙi ƙurar awa uku. A bazara kuwa, da zafi kan haura maki 40 a Afrilu, wanda bai gama ba kafin takwas ya haƙura.

Na san za a ce ai akwai manhaja. Strava tana nuna titunan da mutane suka fi bi, Google Maps tana auna nisa. Gaskiya ne, ina amfani da su. Amma manhaja ba ta san wane mai shayi ne yake hura wuta tun ƙarfe biyar, wanda za ka bar ruwan ledarka a wurinsa ka riƙa ɗauka duk zagaye ba. Ba ta san inda aka sare kwalta jiya aka bar rami ba. Wannan ilimi a bakin mutane yake, mutanen da ke fitowa kullum, kuma baƙon kwana uku ba shi da hanyar isa gare su.

Shawarata mai sauƙi ce. Muna da masu karatun safiyo da tsara birane da zane a makarantar nan, kuma kowace shekara ana neman abin da za a yi aikin kammala karatu a kai. A fita da kayan awo a fitar da zagaye uku a Nassarawa, na kilomita 5 da na 10 da na 15, a zana taswira mai shafi ɗaya da Hausa da Turanci, a nuna inda fitila take, inda ruwa yake, inda ƙyaure yake, da lokacin da ya dace. A liƙa a allon sanarwa, a sa a shafin Ƙungiya, a kai wa masu otal-otal na unguwar. Sannan Daraktan Wasanni ya tsayar da rana ɗaya a mako da wuri ɗaya da za a riƙa haɗuwa bayan asuba, duk wanda ya zo a tafi da shi. Gudun Parkrun da ake yi kyauta kowace Asabar a ƙasashe da dama, da mutum goma sha uku ya fara a wani lambu a Landan a 2004. A Addis Ababa, baƙo ba ya buƙatar tambaya, dandalin Meskel kawai zai je da sassafe ya tarar da jama'a.

Wani abokina da na faɗa wa wannan cewa ya yi, "Malam, wanda bai karya ba ne zai yi gudu? Ana fama da kuɗin makaranta kana zancen taswira." Ban raina maganarsa ba. Amma taswirar nan ba za ta ci kuɗin da walimar rantsar da shugabanni ɗaya take ci ba. Kuma 'yan Filato da suka saba kwashe kyautar da ake ware wa 'yan gida a gasar Legas ba 'ya'yan attajirai ba ne. Suna da tsaunukan Pankshin, suna da juna. Mu ba mu da tsauni, Dala da Goron Dutse ba su isa zango ba, amma juna ai ba a saya.

Waɗanda za su fi cin moriyar haɗuwar ma 'yan uwanmu mata ne. Ɗaliba ba za ta fita ita kaɗai ƙarfe shida saura ba, iyayenta ba za su bari ba, ni ma ba zan ba ƙanwata wannan shawara ba. Amma su goma cikin shigarsu ta mutunci, da sanin makaranta, a hanyar da aka auna aka sani, wannan wata magana ce daban. A yanzu baƙuwar da ta zo Kano tana shirin tsere, abin da ya rage mata injin gudu na otal, in tana da kuɗinsa.

Abin da ya sa nake gaggawa shi ne unguwar kanta tana canjawa. Tsohon gida mai fili ana rushe shi a yanka fulotai ko a tayar da rukunin shaguna, itacen bakin titi shi ake fara sarewa don a samu wurin ajiye mota. Idan muna da taswira mai ɗauke da sunan makaranta, da mutum hamsin da aka san suna bin titin kowane mako, muna da abin da za mu ɗauka mu je hukumar tsara birane ta KNUPDA mu ce a bar mana waɗannan itatuwa, mu je KAROTA mu roƙi a tsare mana titi ɗaya na awa biyu ranar Lahadi. Majalisar Ɗalibai za ta zauna kafin hutu, ina roƙon wakilin sashen safiyo ya gabatar da ƙudurin.