Kafin Ka Sayi Bindiga Don Tsaron Gona

Mutanen Zango da yawa suna da gona a ƙauye. Iyali suna Aboabo ko Sabon Zango, maigida kuwa yana can wajen Ejura ko Atebubu yana noman masara da doya. Gyazbi, wanda Asante suke kira akrantie, yana yanke masara. Birai suna ɓarna da rana, aladun daji suna tone rogo da dare. Sai maƙwabci ya ce, "Malam, ka nemi bindiga mana."

Ɗan uwa, idan ba ka taɓa riƙe bindiga ba, ga shawararmu ta ma'aikatan asibiti: kada bindiga ta zama maganinka na farko. Dabba tana cin amfanin shekara ɗaya. Harbin kuskure yana ɗauke hannu, ko ido, ko rai, kuma ba a mayar da su.

Fara tambayar kanka, wace dabba ce take damuna? Gyazbi, shinge da tarko da share ciyawar gefen gona sun fi bindiga maganinsa. Birai suna tsoron kare da mai gadi. Kaji da awaki, garke mai ƙofa ne yake tsare su da dare. Ko giwa ana korarta ba harbi. Manoman da suke kewaye da gandun dajin Kakum suna kwaɓa garin barkono da baƙin man mota, su jiƙa tsumma a ciki, su rataya a igiya kewaye da gona. Giwa ba ta son warin. Maciji kuwa, wanda ya fi sauran kai manomi asibiti, bindiga ba ta hana shi sara. Dogon takalmin roba da tocila su ne kariya.

Wani zai ce, "Na yi duk wannan, ɓarna ba ta tsaya ba." Gaskiya ne, akwai gonar da take bakin daji, nesa da mutane. To, idan ya zama dole, ka zaɓa da hankali.

Kada ka sayi bindigar maƙera, ko da an ba ka ita da araha. Araha ba ta ado. Sau da yawa da bututun ƙarfe ake ƙera ta, ba a gwada ƙarfinta ba. Tana iya fashewa a hannun mai ita, ta tafi da yatsu da ido. Ban da haka, dokar makamai ta Ghana ta 1972 ta hana ƙera bindiga ba da izinin gwamnati ba.

Bindiga mai dogon zango ma ba ta sabon hannu ba ce. Harsashinta yana wuce kilomita ɗaya, ya sami wanda ba ka gani ba. Mai cin harsashi da yawa ita ma a bar ta, domin mutum yakan manta saura ɗaya a ciki. Wadda ta fi sauƙin haɗari ita ce bindigar farauta mai baki ɗaya, ƙirar kamfani, wadda ake karyawa a tsakiya a sa harsashi guda. Idan ka karya ta, da idonka za ka ga ko akwai harsashi ko babu. Amma ita ma a kusa tana kisa nan take.

Sai ka je wurin 'yan sanda ka yi rajista, ka karɓi lasisi, ka riƙa sabunta shi kowace shekara. Ka nemi gogaggen maharbi ya koya maka. Ka kuma tuna, daga 1 ga Agusta zuwa 1 ga Disamba an rufe farauta a Ghana, gyazbi kaɗai aka ware, shi ma sai da takardar izini. Giwa kuwa doka ta hana kashe ta.

Idan bindiga ta shigo gida, ga ƙa'idodi huɗu:

1. Kada ka ajiye ta da harsashi a ciki. Ka kulle ta, ka kulle harsashi a wani wuri dabam, nesa da yara.
2. Kada ka nuna wa mutum ita, ko da wasa.
3. Kada ka harbi motsi ko ƙara a cikin duhu. Abin da ka zaci alade ne, yana iya zama maƙwabci ya fito kewayawa.
4. Kada ka ɗana bindiga a matsayin tarko. Igiya ba ta bambanta dabba da yaro.

Idan an harbi wani, ka danne raunin da tsumma mai tsabta, da ƙarfi, kada ka saki. Kada ka zuba toka ko ƙasa ko ganye. Kada ka tono harsashi. Kada a ba shi abinci ko ruwa, domin wataƙila za a yi masa aiki. A kira 112, ko a kai shi asibiti mafi kusa nan da nan. Ko ramin ƙarami ne, jini yana iya zuba a ciki. Yana kuma bukatar allurar rigakafin sarƙe-haƙora. Babban rauni akan tura shi asibitin Komfo Anokye a Kumasi, amma daga gona hanya tana da nisa.

Mutane sukan ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Amma bindigar da aka bari da harsashi a bayan ƙofa, sakaci ne. Buhun masarar da biri ya ci, baɗi za ka noma wani. Ka fara da shinge da kare da tocila.