Likita, Ka Saurari Uwar Yaro

Yau ina so mu duba wata taƙaddama da kan auku tsakanin iyaye mata da likitoci, wadda sau da yawa yaro ne ke kwana a ciki.

Yaro ne mai farfaɗiya, an kai shi asibiti, likita ya rubuta masa ƙwayar nan fenobabiton, ya ce a riƙa ba shi kullum. Faɗuwa ta tsaya, alhamdu lillahi. To, amma bayan 'yan makonni sai uwa ta ga ɗanta ya sake hali. Yaron da a da yake da natsuwa ya koma ba ya zama wuri ɗaya, ga saurin fushi, ga dukan ƙanne, barci ma sai da ƙyar. Mu malamai mukan ga haka a aji, har wani malamin ya ɗauki bulala bai san dalili ba. Uwa ta koma ta yi bayani, likita kuwa ga marasa lafiya sun yi layi har bakin ƙofa, sai ya ce ƙiriniyar yara ce, a ci gaba da magani.

Ni dai a ganina uwar nan tana da gaskiya. Tun 1912 ake amfani da fenobabiton, yana da araha, yana kuma aiki. Amma sanannen abu ne a likitance cewa maganin da kan sa babba gyangyaɗi yakan sa waɗansu yara rashin natsuwa. Likita minti biyar ya ga yaro. Uwa kuwa ita ke fama da shi dare da rana.

Inda mukan ɓata rawarmu shi ne mu yi fushi mu zubar da ƙwayoyin, musamman in surukuwa ta sa baki ta ce iskoki ne. Kul! Tsayar da wannan magani farat ɗaya yana iya tayar da farfaɗiya a jere, yaro bai farfaɗo daga wata ba wata ta zo, har a rasa rai. A hankali ake rage shi, kuma likita ne ke ragewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum 7 cikin 10 masu farfaɗiya za su iya daina faɗuwa in sun sami maganin da ya dace.

Uwargida, samu littafin rubutu. Ki rubuta ranar da aka fara magani, da ranar da hali ya sake, da abin da yaro ya yi. In ba ki iya boko ba, ga ajami, ga kuma 'yarki 'yar makaranta. Ki roƙi malamar ajinsu ta ba ki 'yar takarda. In da hali ki tafi da maigida, don abin takaici, har yanzu muryar namiji ta fi shiga kunnen waɗansu. Ki tambaya ko za a rage masa, ko a sauya. Akwai Tegretol, akwai Epilim, sai dai sun fi tsada, kuma kowanne da irin farfaɗiyar da yake yi wa. Epilim kuwa yana iya lahanta ɗan da ke ciki, saboda haka budurwa ko matar aure da ke shansa lalle ta yi wannan magana da likita tun kafin ta sami ciki.

In har likita ya ƙi saurara, ki nemi ya ba ki takarda zuwa wurin likitan yara a babban asibiti. Kafin ranar ta zo, ki ci gaba da ba yaro ƙwayarsa yadda aka rubuta.