Dutsen na Gombe ne, ina makarantar masu tuƙa feloda?

Duk tifar da ta shigo Gombe ɗauke da tsakuwa, ko Tumfure ta nufa ko sababbin unguwannin da ke ta tsirowa a hanyar Bauchi, akwai wanda ya cika ta kafin ta taso. A da majiya ƙarfi ne da shebur, kuma har yau su ke lodin yashi a wurare da dama. Amma a inda ake fasa dutse da nakiya, shebur ya daɗe da sallamawa. Aikin ya koma hannun feloda, katafilar nan mai tayoyi huɗu da ƙaton bokiti a gaba, wadda mutanen gari suka fi gani idan ta fito kwashe bola ko rushe gini. Ainihin wurin aikinta ramin dutse ne, kuma jihar Gombe na da ramukan da suka isa a ce an daɗe da buɗe wa masu tuƙa ta aji.

Babba a cikinsu shi ne na Ashaka, a ƙaramar hukumar Funakaye. An kafa kamfanin simintin Ashaka a 1974, ya fara aiki a 1979, lokacin Gombe na cikin tsohuwar jihar Bauchi. Masu shi sun yi ta sauyawa. Blue Circle na Ingila, wanda ke riƙe da shi, ya koma hannun Lafarge na Faransa a 2001, Lafarge ya haɗe da Holcim a 2015, sannan a ƙarshen 2024 Holcim ya sanar da sayar da kasonsa na Najeriya ga Huaxin na ƙasar Sin. Ramin kuwa yana nan inda yake. Kafin a samu tan ɗaya na dunƙulen da ake niƙawa ya zama siminti, sai an zuba wa tanderu kimanin tan ɗaya da rabi na ɗanyen kaya, mafi yawansa dutsen farar ƙasa. Can kudu, a Maiganga kusa da Kumo cikin ƙaramar hukumar Akko, ana tone kwal a buɗaɗɗen rami domin hura wa tanderun wuta. Ga jibsin a yankin Nafada, ga wuraren fasa dutse da ke ciyar da ayyukan tituna, musamman tun da gwamnatin Muhammadu Inuwa Yahaya ta ɗauki alkawarin kilomita 100 a kowace daga cikin ƙananan hukumomi 11. Duk wannan kaya sai an ɗaga shi daga ƙasa an zuba a mota.

Wanda ya tsaya ya ƙare wa feloda kallo zai ga an tsara ta ne a juye. Injin yana baya, domin nauyinsa ya rinjayi na bokitin idan ya cika. Haka ma felodar farko ta kamfanin Volvo take, don a 1954 ya ɗauki tarakta ya juya gabanta baya, ya ɗora bokiti a kan manyan tayoyin. Sannan ba tayoyin gaba ne ke juyawa idan an murɗa sitiyari ba. Gangar jikin ce gida biyu, an haɗa ta da fil a tsakiya, tana lanƙwasawa kusan digiri 40 dama ko hagu. Shi ya sa abu mai nauyin tan 17 ko 20 ke iya juyawa a filin da tifa sai ta yi ribas sau uku. Hannuwan da ke ɗaga bokiti man haidirolik ne ke tura su, da matsin da ya isa, idan tiyo ya huje, man ya ratsa fatar hannun wanda ya shafa yana neman inda ke yoyo.

Feloda ba ta haƙa dutse mai tauri. Wannan aikin masu huda rami ne da masu nakiya, sai kuma eskabeta, wadda ke kafewa wuri ɗaya tana juya hannu. Fifikon feloda tafiya ce. Tana iya cika mota a gindin dutse da safe, ta koma ciyar da injin niƙa da rana, ta gyara hanya, ta tara tsakuwa kashi-kashi gwargwadon girmanta, duk a wuni ɗaya. Idan injin niƙan bai yi nisa da inda aka fasa dutsen ba, ita kaɗai ma sai ta ɗauka ta kai, ba sai an sa mota ba.

A wajen lodin ne ake gane gwani. Yana sa tifa ta tsaya a karkace kusa da tarin dutsen, ba nesa ba. Ya sauke bokiti ya kwanta daidai da ƙasa, ya shiga tarin kai tsaye da giya ta ɗaya, jikin motar a miƙe. Da haƙoran sun kama, sai ya ɗan ɗaga hannuwan. Wannan ɗagawar ce ke danna tayoyin gaba a ƙasa su samu riƙo, kafin ya fara naɗe bokitin sama kaɗan-kaɗan har ya cika. Ya ja baya, ya karya sitiyari, ya nufi tifa yana ɗaga bokiti a hankali, yadda isarsa gefen bodi zai zo daidai da kaiwar bokitin tsayin da ake so. Bokitin farko a hankali yake zuba shi, kuma da ƙananan duwatsu, su zama shimfiɗa kada manya su lotsa bodin. Duka wannan zagaye bai fi rabin minti zuwa daƙiƙa 40 ba a hannun wanda ya iya. Masu harkar suna so mota ta cika da bokiti uku zuwa biyar. Idan sai an yi goma, feloda ta yi wa motar kaɗan. Idan ɗaya ya cika ta, an sayi abin da ya fi ƙarfin aikin. A manyan ma'adinan Amurka da Ostireliya akwai irin su LeTourneau L-2350, wadda bokitinta ke ɗaukar sama da tan 70 a tashi ɗaya, domin motocin da take cikawa na ɗaukar ɗaruruwan tan. A nan kuwa an fi ganin tsofaffin Caterpillar 950 da 966 da sababbin 'yan Sin irin su SDLG da XCMG da LiuGong, masu ɗaukar tan biyar ko abin da ya ɗan ɗara.

Sai a ɗora wanda bai iya ba a kan wannan motar. Zai afka wa tarin da gudu, ya taka totur har ƙasa, tayoyin gaba su yi ta juyawa a wuri ɗaya a kan dutse mai kaifi. Kowace juyawa kuɗi ne ke zuba. Tayar feloda ta kai ƙirjin babban mutum, daga waje ake shigo da ita, da dala ake sayenta, kuma fasasshen dutse yanka ta yake yi, balle da damina, don jiƙaƙƙiyar roba ta fi saurin yankuwa. Gwani kan ɓata minti biyu ya share filin da bokiti kafin mota ta gaba ta iso, saboda ya san dutse ɗaya da ya faɗo daga bodi na iya cin tayar da ta fi albashinsa na watanni. Ga kuma man gas. Matsakaiciyar feloda na shan abin da ya kai lita 12 zuwa 20 a awa gwargwadon nauyin aiki, kuma tun 2023 litar ta haura naira 1,000 a wurare da yawa. Tazarar da ke tsakanin direbobi biyu a kan mota ɗaya tana fitowa ƙarara a takardar mai a ƙarshen wata, daga nan ta shiga kuɗin tifar tsakuwa, ta sauka a kan malamin makarantar da ke gina ɗaki biyu a Pantami.

Asarar kuɗi ana mayar da ita. Ta rai ce ba a mayarwa, kuma feloda na da hanyoyin kisa da aka sani sarai. Ƙa'idar masu ƙera ta ita ce kada kayan bokiti ya wuce rabin nauyin da zai iya ɗaga tayoyin baya alhali motar na lanƙwashe, domin a lanƙwashe ne ta fi rauni. Wanda ya cika bokiti ya ɗaga shi sama ya sha kwana a gangare ya haɗa duk abin da ake buƙata ta kife. Shi ya sa ake tafiya da bokiti kusa da ƙasa, kuma a gangare kayan ne ke fuskantar tudu, ko da hakan na nufin sauka da ribas. Wanda ya yi ta ƙwaƙular gindin tarin da ya fi hannun motar tsayi yana gayyato saman ne ya rufto masa. Bayan motar kuwa akwai filin da direba ba ya gani ko kaɗan, inda mai tallar ruwa ko yaron tifa zai iya tsayawa. Duk wanda ya taɓa ganin leburori zaune cikin bokiti ana kai su bakin titi bayan tashi aiki ya ga abin da kowane littafin motar ya hana. Akwai kuma mai kisan mummuƙe, wato ƙurar dutsen tsakuwa, wadda ke taruwa a huhu shekara da shekaru ta bar tabon da ba ya warkewa. Ɗakin direba mai gilashi da matatar iska domin ita aka yi shi, amma a tsohuwar mota gilashin ya daɗe da fashewa, sai ƙyalle a hanci.

Yaya ake koyon wannan aiki? Manyan kamfanoni na horar da nasu ma'aikatan. A waje da su, hanyar da aka fi sani ita ce ta yaron mota. Yaro ya fara da wanke-wanke da ɗura giris a fil-fil, ya koyi kakkaɓe matatar iska kowace safiya da hunturu, ya yi shekara biyu ko uku yana zaune a gefe. Wata rana maigidan ya tafi salla, ya ce masa, “Kai, matsar da ita inuwa, kada ka taɓa komai.” Daga nan aka fara. Ba abin rainawa ba ne, don wannan hanya ta fitar da gwanayen da za su iya ajiye bokiti a kan kwalba ba ta fashe ba. Matsalarta ita ce yaro na gadon kuskuren maigidansa tare da gwanintarsa, kuma babu takardar da zai nuna. Lasisin da hukumar kiyaye haɗurra ke bayarwa na hawa titi ne, ba ya gaya wa mai ɗaukar aiki ko mutum ya san inda motar ke kifewa. Idan babban kamfani ya zo neman ma'aikata, mai takarda daga wani wuri ne ke shiga gaba, ɗan gari ya tsaya a gadi ko riƙe tuta.

Abin da ake buƙata bai kai kafa jami'a ba. Kwalejin kimiyya da fasaha ta jiha tana Bajoga, hedkwatar Funakaye, tafiyar mintuna kaɗan daga Ashaka. Ta tarayya tana Kaltungo, ga kuma kwalejin horar da malaman fasaha ta tarayya a cikin Gombe. Kwas na wata shida a ɗaya daga cikinsu, da feloda ɗaya ko biyu da filin gwaji, zai wadatar. Rabinsa tuƙi, rabinsa gyara, don makaniken haidirolik da na famfon mai sun fi direbobin ma wuyar samu, kuma gurɓataccen man gas na kashe injin da zai yi shekaru. A buɗe ƙofa ga waɗanda suka riga suka iya, a gwada su a ba su takarda ba tare da an mayar da su aji ɗaya ba. Kuɗin ma akwai inda za a nema. Asusun horar da ma'aikata na ITF, wanda aka kafa a 1971, yana karɓar kashi ɗaya cikin ɗari na albashin da kamfanoni ke biya domin irin wannan aiki. Dokar ma'adinai ta 2007 kuma ta wajabta wa mai lasisin haƙa ya ƙulla yarjejeniyar raya al'ummar da yake aiki a cikinta. An saba cika irin wannan yarjejeniya da rijiyar burtsatse da ajujuwa, kuma suna da amfani, amma babu abin da ya hana dattawan gari su rubuta adadin matasan da za a horar a kowace shekara.

Za a ce kowace feloda na raba gomman masu shebur da abincinsu. Gaskiya ne, kuma ƙin horar da direbobi ba zai dawo musu da shi ba, don motar ta riga ta zo. Tambayar da ta rage ita ce ko 'ya'yan masu shebur ɗin ne za su hau ta.

Ƙorafin da ya fi nauyi na zaizayar ƙasa ne. Gombe gari ne da zaizayar ƙasa ta daɗe tana ci, kwaruruka sun raba unguwanni sun haɗiye gidaje, har sai da aka nemi kuɗin Bankin Duniya ta shirye-shiryen NEWMAP da ACReSAL. Abin da masu shebur za su yi wata suna ɗiba a bakin rafi, feloda za ta kwashe shi a kwana biyu. Wannan ma dalili ne na aji da rajista. Motar da ke buɗe rami ita ce ke iya tara ƙasar sama a gefe guda tun ranar farko, ta mayar da ita idan an gama, kamar yadda dokar 2007 ta buƙata. Direban da aka koya wa haka, mai lamba a rajistar da za a iya soke ta, ya fi wuyar a tura shi gindin gada da dare ya ɗebi yashi. Ma'aikatar muhalli ta jiha za ta iya farawa da abu mai sauƙi: ta ƙirga felodar da ke aiki a cikin Gombe da kewaye, ta rubuta mai kowace, da wanda ke tuƙa ta, da ramin da take kwana.